Takardun Yaya Almu Ba Hatimi Ba Ne

A wannan watan Yaya Almu ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, alhali magana ce sana'ata. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina fassara labarai ina karanta su a rediyo. Na karanta sanarwar rasuwar mutanen da ban taɓa gani ba, na jera musu kyawawan halaye yadda aka rubuto mini. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wayar da 'yarsa Hadiza ta yi mini daga Gummi, kwana biyu da haihuwarta. Ta so a sa wa jaririn sunan mahaifinta, dangin mijinta suka ƙi. Suka ce ba za a sa wa ɗansu sunan mutumin da aka samu hatimai a ƙarƙashin gadonsa ba. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baffa, kai ka zauna da shi. Ka gaya mini gaskiya, boka ne?"

Gidanmu a Anka gidan malamai ne. Almu ya yi nisa a karatun allo kafin ya tsere ya shiga soja, su kuma suka sa shi cikin masu busa. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da baƙin akwati ɗaya, a cikinsa akwai saksafon, ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa da maɓallai da yawa. Ya kama gyaran rediyo da agogo, ranar kasuwar Bukkuyum ya ɗaura kayansa a babur ya tafi. A cikin gari ba ya busa. Ya san gidan da ya fito, ya kuma san matsayin da mutanenmu suka ajiye maroƙi. Sai la'asar ta yi ya fita gonarsa da ke bayan gari, kusa da wata rugar Fulani, ya zauna gindin ɗorawa.

A can na same shi wata Asabar da na zo hutu daga Gusau, ina da shekara talatin da huɗu, da aure da 'ya'ya. Na ce ina so in koya. Ya dube ni ya ce, to mai Hausar rediyo, bakinka zai iya kama abin da ba a rubuta maka ba kuwa?

Waƙa ɗaya tak ya koya mini cikin shekara biyu, wata tsohuwar waƙar jaz ta baƙaƙen Amurka, irin waɗanda duk mai busa ya sani. Ƙa'idar kiɗan ita ce a busa waƙar sau ɗaya yadda take, daga nan kowa ya ƙirƙiro tasa nan take, a kan tubalin waccan. Almu ya ce waƙar gida ce mai ɗakuna talatin da biyu. Takwas na farko, a maimaita su, sai takwas na uku da ya kira gada, inda sautin ke juyawa ya nufi wani wuri, sannan a dawo takwas na farko. Kowane ɗaki yana da muryoyin da ke zaune cikinsa. In ka shiga da wadda ba ta gidan ba, kunne zai ji, sai dai in ka san yadda za ka fitar da ita ta ƙofar ɗaki na gaba.

Wata guda bai bar ni na taɓa ƙahon ba. Kaset kawai nake ji. Wata na biyu na rera waƙar da baki har na haddace. Bayan haka ya ce in manta da ita, in saurari ƙasa, wato muryar nan mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin waƙar kamar sawun mutum, in rera ita ma. Sai da na iya rera ƙasan shi yana busa saman ba tare da ya ja ni ba, sannan ya miƙo mini ƙahon. Ko a lokacin, murya ɗaya ya yarda in busa a kowane ɗaki. Bayan wasu makonni ya ƙara mini ta biyu. Wata mai tallar nono da ke ratsa gonar ta taɓa tsayawa ta ce in Almu ya busa, abin yana magana kamar mutum, in ni na busa kuma, sai ka ce maraƙin da aka raba da uwarsa. Almu ya yi dariya har ya kama ƙirji, ya ce ai ta yi mini adalci, maraƙi ma ya san abin da yake wa kuka.

Don in riƙa tuna ɗakunan ya zana mini takarda. Almu bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, da tawada da alƙalamin kara, don su ne a gidanmu. Ya zana gidaje, takwas a kwance, huɗu a tsaye, ya sa harafi da lamba a kowane gida, da 'yan kibiyoyi masu nuna inda za a koma. Yana da irinta fiye da arba'in, kowace waƙa da tata, a cikin wata tsohuwar gafaka.

A shekara ta biyu na daina kuskure. Ina shiga kowane ɗaki a kan lokaci, in fita a kan lokaci. Na ɗauka zai yaba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ba ka ɓata ko guda ba. Amma ba kowa a ciki. Kana busa kamar kana karanta labarun ƙarfe bakwai." Ya ce amfanin sanin gidan shi ne in lokacinka ya zo ka faɗi naka. Ya kuma ce waƙar ba ta jiran kowa: ko ka busa ko ka yi shiru, ɗakunan wucewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa a wurin ya san naka ne suka wuce.

Ciwon ƙirji ne ya kashe shi, bayan jinyar wata biyar. Tun yana kwance aka fara cewa ƙahon ne ya shanye masa numfashi. Ranar sadakar uku aka buɗe ɗakinsa, aka jawo gafakar daga ƙarƙashin gado, aka kai wa Baffa Liman, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan. Muna zaune a zaure, mun kai mutum ashirin. Baffa ya ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya: gidaje a jere, haruffa, lambobi, kibiyoyi, duk da tawadar allo. Ya ce ya san hatimai da dama, amma bai taɓa ganin waɗannan a wani littafi ba, kuma abin da ba ya cikin littafi an san daga inda ake samo shi. Wani ya ce dama ba banza ba mutum ke fita daji shi kaɗai kullum la'asar. Baffa ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai wanda ya san ko mene ne waɗannan.

Ina zaune taku uku daga gare shi. Takardar da ke hannunsa ma na san ta, na san inda gadarta take.

Dalilina zan faɗe shi yadda yake. In na ce na sani, dole in faɗi yadda aka yi na sani. A wancan lokacin, saboda tsangwamar da ake wa masu kiɗa, ko makaɗan biki ɓoye kayansu suke yi, ni kuma ba a daɗe da ba ni karanta manyan labarai ba. Na auna yadda za a ji cewa ɗan gidan Liman, muryar da ake saurare da yamma, ya shekara biyu yana busa ƙaho a gindin ɗorawa. Na ce wa kaina zan samu Baffa shi kaɗai in yi masa bayani in hankali ya kwanta. Kafin azahar an ƙona takardun a bayan gida an binne tokar. Ƙahon na ce zan kai shi nesa, aka sa mini albarka. Matarsa na gama takaba danginta suka mayar da ita Gummi tare da Hadiza, tana 'yar shekara tara. Labarin ya riga su isa.

Nakan tambayi kaina me Almu zai ce da ya ga yau. Gonar ba ta zuwuwa, rugar ta tashi, hanyar Bukkuyum da yake bi da rediyoyi a bayan babur yanzu sai an tambaya kafin a kama ta. Mutanen da suka ji tsoron ƙaho a bayan gari, yau ƙarar babura da yawa suke kasa kunne su ji. Kiɗa kuwa ya shiga aljihun kowa, har da waɗanda suka hura wutar, in wayarsu ta yi ƙara a sahu sai ka ji abin da ya fi na Almu rawa. Ina jin ba zai yi dogon sharhi ba. Zai ce in ba shi wayar ya ga ko masu busar sun san ƙasan waƙarsu.

Washegarin wayar Hadiza na tafi Anka da takardar da ya zana mini, ita kaɗai ta tsira don tana jakata a Gusau. Baffa Liman ya tsufa, amma idonsa na nan. Na shimfiɗa takardar a gabansa, na buɗe wayata na nuna masa tsarin waƙar yadda masu busa na duniya ke rubuta shi: gidaje talatin da biyu, takwas a kwance, huɗu a tsaye. Na bi da shi gida gida, harafin Almu da harafin boko. Na kunna waƙar a hankali ina ɗora yatsa a kan kowane ɗaki in ya zo. Ya saurara har aka haye gada aka dawo. Sannan ya yi istigfari, ya dube ni.

"Kai kana nan ranar. Na tambaya. Mi ya hana ka faɗi?"

Dalilin da na rubuta a sama, shi na ba shi. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya sa aka kira masa surukan Hadiza a waya, ya gaya musu da bakinsa cewa kuskure ya yi, Almu ba boka ba ne. Suka yi masa godiya cikin ladabi, suka ce sun ji, sai dai an riga an zaɓi suna, an gaya wa dangi. Na gane abin da suke nufi. Maganar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana yawo ba ta komawa da waya ɗaya. Ranar suna aka raɗa wa yaro Kabiru.

To me ya rage na Almu? Ƙaho a saman kabad ɗina, fatun maɓallansa sun bushe, ba ya fitar da sauti. Takarda ɗaya cikin arba'in da wani abu. Waƙa ɗaya a kan mutumin da ya iya ta ba kuskure. Na so in ce sunansa ma ya rage, amma shi ne na bari aka ƙona tare da takardun, ina zaune taku uku.

Hadiza, ga amsarki a rubuce, inda kowa zai gani: mahaifinki ba boka ba ne. Mai busa ne, ya kuma iya. Takardun taswirar waƙa ne. Ni na sani tun ranar, na yi shiru.

Da na je Gummi barka na kai mata takardar. Ta karɓa ta linke ta sa ƙarƙashin matashin jaririn, wurin da in wani ya gani zai iya cewa abin da aka ce a kan ubanta. Na buɗe baki zan gaya mata haka, sai yaron ya motsa. Ta ɗauke shi, a gaban surukarta da matan gidan duka, ta kira shi da sunan da mace ke kiran ɗan da aka sa wa sunan mahaifinta. Ta ce, "Yi shiru, Abba. Ga baffanka ya zo."