Shiru a Shagon Ƙararrawa

Mutanen layinmu da Mai Agogo suka san shi. Mu da muka yi makarantar mishan tare kuwa Ƙararrawa muke ce masa, kuma yau ni kaɗai na rage mai kiransa haka. Shi ne yaron da aka damƙa wa guduma da guntun ƙarfen da ke rataye a bishiyar gaban ofis. Shi ke tashinmu, shi ke kora mu aji, shi ke sallamarmu. Ba shi da agogon kansa, ta taga yake leƙen na shugaban makaranta. Ranar da agogon nan ya tsaya, kowa ya ji tsoron taɓa shi, sai shi. Ya kwance shi da bakin wuƙa, ya hure ƙurar, ya mayar. Ya sha bulala don ya taɓa ba izini, washegari kuma aka kira shi ya duba na ɗakin addu'a. Daga nan sana'arsa ta soma.

Ni na shiga gidan waya na yi akawu har na yi ritaya, shi ya sa yake ce mini Akawu. Shi kuma ya kama shago ciki da waje a bakin titi. A gaba teburin aiki ne da fitila mai lanƙwasa wuya, a ciki gado da risho, a baya ɗan fili da bai fi tabarma uku ba. Bangon shagon ba masaka tsinke don agoguna, yawancinsu na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba. Kowace safiya sai ya bi su da makulli ya murɗa, yana kiran sunayen masu su kamar malami a aji. Da sha biyun rana duk su buga tare. Tela na kusa da shi da wannan bugun yake ajiye almakashi, mai shayi da shi yake sauke tukunya.

Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗansu ɗaya ne, ya yi karatu, ya samu babban aiki, ya gina gida a can bayan gari. Uban kuwa Manaja yake kiransa, rabi alfahari, rabi tsokana.

Wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar agogo, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi hannunsa na dama ne, da ya soma rawa. Hantsaki ya riƙa kufce masa, ƙananan kusoshi suna faɗuwa ƙarƙashin tebur, ni nake durƙusawa in nemo. Manaja ya lura. Duk zuwan da zai yi maganar ɗaya ce.

"Baba, ɗaki na nan an gyara, har da banɗaki a ciki. Me za ka zauna yi a nan kai kaɗai?"

"Wa ya ce maka ni kaɗai ne? Ba ka jin su?" Sai ya nuna bango.

"Ranar da wani abu ya same ka, su za su kai ka asibiti?"

"Ranar da ka zo ka tarar sun tsaya, zo ka kwashe ni. Kafin nan, Manaja, koma ka yi manajancinka."

Dariya aka yi, har da ni. Amma na san ba abin da yake tsoro a duniya kamar a raba shi da teburin nan.

Ana haka wani tsohon direba da zai tashi daga unguwa ya bar masa zomanya, fara mai baƙin kunne, wai tukuicin gyaran shekaru. Ashe da ciki ta zo. Ya haɗa mata akwati a filin baya, ba a jima ba ta haifi biyu, jajaye, ba gashi, ido a rufe. Ɗaya ba ya zama wuri ɗaya, ya sa masa Minti. Ɗayan sai an taɓa shi yake motsi, ya sa masa Awa. Na daɗe ban ga fara'a irin ta wannan safiyar a fuskarsa ba.

Sai halinsa ya motsa. Mutumin da aka rene shi da ƙararrawa, a wurinsa abin da ba a yi a kan lokaci ba, ba a yi shi ba. Ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofar baya da agogo a hannu, yana jiran ya ga lokacin shayarwa. Uwar tana can kusurwa tana tauna ganye. Rana ta take, ba ta leƙa su ba. La'asar ta yi, ko kallonsu ba ta yi ba. Washegari ma haka.

"Akawu, zo ka ga uwar banza," ya ce. "Ta haifa ta zubar. Da a makarantarmu ne, da tuni ta sha bulala shida a tafin hannu."

Na ce ko a tambayi wanda ya sani. Ya ce me za a tambaya, ga ido ga agogo? Ya kwashe 'ya'yan ya sa a kwali a kan teburinsa, ƙarƙashin fitila. Uwar kuwa, don haushi, da mai sayen kaji ya wuce da kekensa sai ya miƙa masa ita kyauta.

Ya wanke 'yar robar ɗiga maganin ido, ya dama madarar gwangwani mai zaƙi, ya tsara musu cin abinci irin na makarantar kwana: duk sa'ad da agoguna suka buga, a ci. Minti mai haɗama ne, yana karɓa. In hannun ya yi rawa robar ta matsu da yawa, madara ta fito masa ta hanci, sai a goge a ci gaba. Awa kuwa kawar da kai yake yi, ya datse baki.

"Wannan ne zai mutu," in ji Ƙararrawa. "Ɗan taurin kai."

Ba shi ba ne. Cikin Minti ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwallo, numfashinsa ya koma ƙara-ƙara. Ina zaune da rana tsaka ya ɗauke shi a tafin hannu. Agoguna suka buga sha biyu, duk ɗakin ya ɗauka, ɗan abin ya zabura, ya miƙe ƙafafu, shi ke nan. Ƙararrawa ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya ya duƙa a kansa, ya daɗe yana dubawa, kamar zai ga inda ya tsinke ya ɗaura. Daga baya ya jawo durowa, ya ɗauko wani akwatin agogon hannu mai laushin ciki, ya sa shi, muka tona a filin baya muka rufe.

Da zai kwashe akwatin uwar don ya ƙona, sai ya tsaya. Gurbin da ta haihu shimfiɗe yake da farin gashi, mai yawa, mai taushi. Nata ne, daga ƙirjinta ta tsige. Ya daɗe yana murza shi a yatsu.

"Akawu," ya ce, "ranar da na ɗauke su, cikinsu a cike yake. Na gani da gilashina, har farin nonon ana hangowa ta fata. Wa ya cika shi?"

Muka taka zuwa shagon maganin dabbobi, mai shagon ya tabbatar mana: zomanya sau ɗaya take shayarwa, da sassafe, cikin ɗan lokaci kaɗan, sauran yinin kuma nesa take yi da su don kada ta ja hankalin mage. Ya ce a nemi nonon akuya, kaɗan, safe da yamma, a bar shi cikin duhu da ɗumi, kuma a raba shi da hayaniya, don firgita kaɗai tana kashe su.

Da muka dawo, Ƙararrawa ya tsaya a bakin ƙofa. "Tana kan aikinta," ya ce. "Ni ne ban zo da wuri ba." Kwana biyu yana tare masu kekuna yana tambayar mai sayen kaji. Da aka same shi, ya ce ai tun ranar ya sayar.

A yinin da muka binne Minti ya yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ya bi agogunan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe murfi, ya sa yatsa ya tsayar da lilon kowanne. Masu batir ya zare. Shiru ya sauko a shagon, irin wanda har kunne yake yi wa nauyi.

"Sai yaron ya yi ƙwari," ya ce. "Ba gudu za su yi ba."

Ban taɓa ganin jinya irin wannan ba. Ya shimfiɗa wa Awa gashin uwarsa a kwalin. Don hannun kada ya ci amanarsa, sai ya kafa ƙusa biyu a gefen tebur, ya ɗaure wuyan hannun da tsohuwar igiyar agogo ta fata, yatsu kaɗai ke motsi. Ɗigo ɗaya zai ajiye a leɓen, ya jira. In an lashe, ya ƙara. In an kawar da kai, ya haƙura. Bayan nan ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi ya shafa masa ciki yadda uwa za ta lasa. Sauran yinin ya rufe kwali ya zauna, hannu a cinya. Wannan zaman shi ya fi ba shi wuya.

"Ji nake kamar in leƙa," yakan ce.

"Leƙa mana."

"Kai ma uwar banza ce, Akawu. Ba ka san komai ba."

Awa ya yi gashi, ya buɗe ido, kunnuwa suka miƙe, ɗaya fari ɗaya baƙi. Ranar da ya fara gutsurar ciyawa Ƙararrawa ya aika aka kirawo ni daga gida kamar gobara ta tashi. Ya ce mako mai zuwa zai ta da agogo ɗaya, ƙarami, don yaron ya saba, sannan a bi da sauran sannu a hankali.

Bai samu wannan makon ba. Tela, da kyakkyawar niyya, ya buga wa Manaja waya ya ce an kwana biyu ba a ji bugun sha biyu ba, kuma Baba ba ya buɗe ƙofar gaba sosai.

Ina nan motar ta tsaya. Manaja ya shigo ya ga shago da duhu-duhu, agoguna kowanne da lokacin da ya tsaya, ubansa kuma ɗaure da tebur da igiyar fata, yana yi wa kwali magana ƙasa-ƙasa.

"Baba! Wa ya ɗaure ka?"

"Rage murya. Ni na ɗaure kaina."

"Kai ka ɗaure kanka." Ya juyo ya dube ni. "Kawu, tun yaushe ake haka ba ku faɗa mini ba?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga zomanyar. Ya saurara da ladabi, don yaro ne mai tarbiyya, amma na ga kowace kalma tawa ƙara tabbatar masa take yi. Tsoho ya tsayar da aikin rayuwarsa saboda ɗan zomo, wani tsohon kuma yana ba shi gaskiya.

"Baba, kai da bakinka ka ce ranar da na tarar sun tsaya."

"Ba tsayawa suka yi ba, tsayar da su na yi. Akwai bambanci. Bari ka gani."

Ya kwance igiyar, ya ɗauki makulli, ya nufi babban agogon da ke tsakiya. Ransa a ɓace yake, in ransa ya ɓaci kuwa rawar takan ninka. Makullin ya yi ta ƙwanƙwasar fuskar agogon yana neman rami bai samu ba. Ya sake, ya sake. Sai ya kufce, ya gangara ƙarƙashin tebur. Na durƙusa zan ɗauko kamar kullum, Manaja ya dafa kafaɗata.

"Bar shi, Kawu."

Idonsa ya ciko da hawaye, wannan ba zan ɓoye ba. Ba mugun ɗa ba ne. Ya duba da idonsa, ya ga abin da ya gani, ya yanke hukunci, ya ɗauke ubansa.

Kafin wata ya ƙare an kwashe shagon. Agogunan suna cikin kwalaye a ɗakin ajiyar Manaja. Wani saurayi ya kama wurin yana sayar da rigunan waya da caja, ya kafa lasifika a bakin ƙofa. Matar Manaja ta ce ita dai ban da dabba a gidanta, ga kafet ga yara masu atishawa, don haka Awa yana wurina. Ya zama ƙato, ya cinye mini rabin shukar tsakar gida.

Nakan je duba abokina. Mota biyu nake shiga. Ɗakin fes, labule mai kauri, gado mai laushi, ba tebur. Muna zaune mai aiki za ta shigo da tire. Kafin a kwashe wannan an kawo magani, bayan magani shayi, bayan shayi a zo a tambaye shi ko yana son wani abu. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta kumbura.

"Suna kula da ni, Akawu," ya ce a zuwana na ƙarshe. "Ba su taɓa makara ba." Ya ɗan yi murmushin da ban so ba. "Yaron fa?"

"Lafiya lau. Ɓarna kawai."

"Kada ka riƙa ɗaukarsa. In ya kawar da kai, ka ƙyale shi."

Na ce to. Ya dubi bango, fari fat, ba ko ƙusa. Ya dubi wuyan hannunsa, an cire masa agogon wai igiyar tana ƙuje masa fata. Tun muna 'yan gajeren wando ni ke tambayarsa, bai taɓa tambayata ba. Ya juyo.

"Akawu," ya ce, "ƙarfe nawa?"