Ƙotar Kalmen Yaya

Yayana ya faɗi a gona ne, a shekarar da ruwa ya yi mana rowa. An yi binne, wato an zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ana jiran sama. Aka samu ɗan yayyafi, hatsi ya leƙo, sai ruwa ya ɗauke. Aka sake shuka, ita ma ta ƙone. Yana tsaye yana duban abin da ya saura a gonarmu ta hanyar Kurawa, sai ya kife. Makiyayan da suka ɗauko shi suka ce iska ta buge shi. A asibitin Isa aka ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Ni dai abin da na gani, an dawo mana da ƙato kwance a bayan mota, baki ya karkace, hannun dama ya dunƙule bisa ƙirji.

Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gandu. Innarmu, matarsa, 'ya'yansa ƙanana, har ni kaina, duk daga wannan hannu muke ci. Ni mai gyara ne. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Sabon Birni inda nake duba rediyo da waya da fitila mai caji, kuma kowa ya san ban taɓa son gona ba. Saboda haka maganar a fili take: in hannun Yaya bai buɗe ba kafin wata damina, ba mai noma mana.

Likitan gashin ƙashi, mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya ba shi ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Muna isowa gida Yaya ya ɗauke ta da hagu ya wurga ta bayan danga. Na ɗauko, ya sake wurgawa. Raina ya ɓaci, na ce, "To zauna! Ai ba ni aka shanye ba." Inna ta ce in ji tsoron Allah. Na ji kunya, amma wallahi a ranar da ƙanena ne da na mare shi. Mutum ya kwanta bisa tabarma ƙarƙashin dogonyaro, ya juya fuska ga bango, ba ya son fura, ba ya son gaisuwa.

Akwai wani abu da na sani game da shi wanda matarsa ma ba ta sani ba. Muna samari, kafin nauyin gida ya hau kansa, babu mai cin Yaya a shagon gem na bakin tasha, wato wasan nan da ake bugawa a talabijin. Ina da irin tsohuwar na'urar nan mai kaset a rumfa, wani ya kawo gyara ya manta da ita. Na share mata ƙura, na haɗo da 'yar talabijin da batirin mota, na ɗora a ƙofar ɗaki inda rana ba ta kai. Da waƙar gem ɗin ta tashi, Yaya ya juyo. Wannan ne karon farko da ya juyo don kansa.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Maɓallan hannun gem ɗin ƙanana ne, an yi su don babban yatsa mai rai, nasa kuwa ya mutu. Wayar kuma gajera ce, ba ta kai tabarmarsa. Na yi mata ƙari, ta sarƙe a ƙafarsa marar ji, ya jawo na'urar ta faɗo ƙasa. Washegari akuyar Inna ta tauna wayar har gida biyu. Ban ga laifinta ba, a shekarar nan awaki har leda suke ci.

Sai na ce za ni ƙera mishi nasa. Babba, mai sanda irin wadda ake kamawa da tafin hannu gaba ɗaya, marar waya, kuma mai caji, tunda wutar gwamnati sai dai mu ji labarinta.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ya samo mini hannun gem marar waya wanda jikinsa ya farfashe amma fanel ɗin ciki, wato allon wayoyinsa, na da rai, tare da ɗan makarɓinsa da ake maƙalawa a na'ura. Bakin makarɓin bai dace da tsohuwar na'urata ba. Na yi ta bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen dalma, ina ƙona yatsu ina tsaki, har suka fahimci juna. Batir na ciro daga wata matacciyar waya, da wurin sa cajinta, don in riƙa ɗora shi a sola, wutar hasken rana ta rumfata. Maɓallai na sa na hon ɗin babur, manya, waɗanda ko da gefen hannu aka buga za su amsa. Gidan da zai riƙe duk wannan kuwa, akushin Inna ne na kife, na huda da ƙusa mai zafi. Ta ce in ɗauka, dama ba tuwon da ake zubawa a ciki.

Ƙarƙashin sandar na jera makunnai huɗu, gaba da baya, dama da hagu, na sa sifirin na jikin babur don ta riƙa komawa tsakiya. Ranar da na karkata ta a tsakar gida, ɗan mutumin cikin talabijin ya yi tafiya ba waya tsakaninmu, sai da na yi ihu. Matar Yaya ta leƙo daga madafa ta ce, "Lafiya, ko ruwa ya taso?" Na ce a'a. Ta koma madafa.

Sandar ce ta ƙi. Na sa guntun rodi, hannunsa ya zame. Na naɗe shi da roba, ya zame. Na sa kan giyar mota mai ƙulli, yatsun suka ƙi buɗewa su haɗiye shi. Kowane gwaji sai na ɓamɓare mishi yatsu da ƙarfi yana nishi, in na saki su koma yadda suke. Na zauna a ƙasa, gumi na zuba, na ce, "Yaya, ni kam na gaji."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗaga hagu ya nuna gindin rumbu, inda kalmensa ke jingine tun ranar da aka dawo da shi. Kalme shi ne abin da mutanen gabas ke kira fartanya. Na ɗauko na ɗora ƙotar a tafinsa. Ta shige cikin dunƙulallun yatsun nan ba tare da na taɓa su ba. Ashe daidai kaurinta suka dunƙule. Itacen ya yi sulɓi, ya yi baƙi, har da ɗan kwari inda babban yatsansa ke zama.

Da ƙyar maganarsa ke fita a lokacin. Ya ce, "Yanke."

Inna na zaune tana tsince ganyen tafasa. Ta aje faifan. A gidanmu ba a taɓa kalmen mutum yana raye. Ko aro ba a yi. Sai an yi sadakar bakwai ake fito da kayan noman mamaci a raba, haka aka yi da na mahaifinmu. Ta ce mini, "Kai, mi za ka yi? Ɗana na numfashi za ka sa mishi zarto a ƙota? Gado kake ci tun yanzu?"

Na ce, "Inna, shi ya ce."

Ta ce, "Shi ciwo ke magana. Kai mai lafiya fa?"

Yaya ya buga tabarma da hagu, ya sake cewa, "Yanke." Idonsa ya yi ja. Na ɗauki zarto na yanke daidai inda hannunsa ke kamawa. Inna ta shige ɗaki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ya faɗi. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma har yau ban ce ta yi kuskure ba.

Amma sandar ta zauna. Da farko da kafaɗa yake tura ta, duk jikinsa na bi. Ɗan mutumin gem ya yi ta faɗawa rami, Yaya na huci, ni ina tsokanarsa: "Wai kai ne zakaran bakin tasha? Tir!" Sai ya harare ni ya sake kamawa. Kullum da safe in tafi da akushin rumfa in ɗora shi a sola, bayan la'asar in dawo da shi cike. Yana jin ƙarar babur ɗina sai ya gyara zama. Sannu a hankali wuyan hannun ya fara juyawa. Daga baya na matso da maɓalli ɗaya kusa da ƙotar, na hana shi bugawa da hagu, dole sai da manuniyar dama. Ya zage ni da rabin baki, na ji daɗin zagin.

Rani ya yi tsawo. Rumbu ya ƙare, in ban da damin iri da ke rataye, wanda ba mai taɓawa. Mata na shiga daji ɗebo anza, 'ya'yan itacen nan mai ɗaci, a jiƙa ta, a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Unguwarmu ta zama ta tsofaffi da mata, maza sun yi kudu cin rani, wasu ba su ko aiko ba. Shanun Fulani na mutuwa a bakin hanyar Isa. A cikin wannan hali kiɗan gem na tashi daga gidanmu, kuma mutane suka yi magana. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar roƙon ruwa, rigarsa a juye kamar ta kowa, ya ce, "Ana kuka ga Allah, ku kuna wasan yara? Magidanci guda!" Na ce, "Baba, magani ne." Ya ce, "Allah shi kyauta." Na so in ba shi amsa mai zafi, na haɗiye, don ni ma yunwa ta rage mini baki.

Kafin bazara ta ƙare Yaya na tashi da sanda, yana jan ƙafa har zaure. Yana riƙe ludayi. Yatsu uku na motsi, biyu na nan lanƙwashe. Na sa rai, ba ni ɓoyewa. Har na je wurin maƙeri na sa aka gyara sungumi, dogon abin saran shuka.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Gari ya waye kowa na hanyar gona. Na ɗauki Yaya a babur, matarsa da yara suka biyo da ƙwaryar iri. A wurinmu maigida ke shiga gaba da sungumi yana sara rami, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Haka na tashi na gani, ban taɓa ganin an sauya ba.

Yaya ya karɓi sungumi. Yatsun suka kama, kamun ƙwarai. Ya ɗaga, sai kafaɗar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, bakin ƙarfen ya ɗan dangwali ƙasa, shi kuma ya tafi zai faɗi, na tare shi. A nan na gane abin da sandata ta koya mishi: wuyan hannu da yatsu. Karkata ƙota bisa akushi daban, ɗaga ƙarfe sama a sara daban. Duk ranin nan ban taɓa tunanin kafaɗa ba.

Maƙwabtan gona sun tsaya suna kallo. Yaya ya miƙo mini sungumin bai dube ni ba. Sannan ya juya ga matarsa ya ce, "Ba ni ƙwaryar."

Ta ce, "Haba maigida, a gaban mutane?"

Ya karɓa. Na shiga gaba ina sara, ni da ban iya ba, layin na karkacewa. Shi yana bayana a sahun yara, yana tsintar hatsi da yatsu uku yana jefawa, ƙafar da yake ja tana rufe ramin. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya, don na san in na waiwaya za ni yi kuka. Sai dai in ji muryarsa: "Dama. Ka yi dama, makaho." Da haka muka shuke gonar.

Hatsi ya tsiro, ya yi kyau. Daga nan sama ta sake rufewa. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi, gobe ma haka. Damin irin kuwa mun zuba shi duka.

Da ganye ya fara naɗewa Yaya ya ce in kai shi. Na ce rana ta yi zafi, ya ce in kai shi. Ya sauka daga babur, ya ja ƙafa zuwa tsakiyar gona, ya durƙusa da ƙyar. Da hannun dama ya tona gindin shuka ɗaya, ya tumɓuke ta, saiwar ta bushe ƙamas. Ya kira ni. Ya miƙo hannun, ya buɗe shi gaba ɗaya, yatsu biyar a miƙe, abin da bai taɓa yi ba tun faɗuwarsa. Mataccen hatsin na kwance a tafin.

Ya ce, "Ga hannun da kake nema. Ya buɗe."

 Na tallafe shi ya hau babur muka koma gida. Abin da muka girbe a shekarar nan, matarsa ce ta ɗauko shi a ka, sawu ɗaya.