Kawu Munkaila da Kifin da Ke Shan Fida

Kawu Munkaila ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen unguwar masunta a Wudil. Tun bai iya ɗaure mazagin wando ba ya iya nutso. Yana da shekara ashirin ya bar kogi ya koma Kano, ya kama sayar da jakunkunan mata a kasuwar Sabon Gari, har Allah ya ɗaga shi ya kai shi Guangzhou. Can ya samu ɗan lungu a ginin Tianxiu, tebur ɗaya da kujera biyu, yana saro jakunkuna daga garin Shiling yana turo wa 'yan kasuwar gida.

Wannan labari rabinsa daga bakinsa na ji. Ragowar, wanda ba ya son a faɗa, Hajiya Habsatou ce ta ba mu da ta zo Kano. 'Yar Maraɗi ce, ta iya Sinanci, ita ke masa tafinta. Kuma 'yar mahauta ce, don haka tsakaninta da ɗan masunta ba a rabuwa da tsiya.

A shekarar 2008, da gasar Olamfik ta gabato, biza ta yi wuya. Kullum sai an raka wani zuwa filin jirgi, ya koma gida. Ta Kawu saura kwana tara ta ƙare, kuma ba za a sabunta ba sai da takardar gayyata daga wani kamfanin ƙasar. In ya fita, lungun nan da ya shekara huɗu yana riƙe da shi ya tafi ke nan. Mai masana'antar da yake saye a wurinsa, Lawban Liyang, kullum sai ya ce gobe. Lawban kuwa mai gida ke nan a bakinsu.

Ana nan sai Lawban ya gayyace shi hutun ƙarshen mako a wani ƙauyen shaƙatawa da ke bakin tafki, bayan Shiling.

"Ka tahi," in ji Habsatou. "Haka suke. Sai sun ga yadda kake cin abinci kahin su sa maka hannu. Ka dai yi wanka, kada su ji ƙarnin gado."

"Ke da kika tashi cikin kayan ciki za ki yi min zancen ƙarni?"

Ranar Asabar da safe suka isa, har da Habsatou. Kawu ya ce bai taɓa ganin wurin da mutane ke neman wahala da gangan irin wannan ba. An fara da hawan dutse, matakala ɗari shida, da suka kai ƙoli babu komai sai hazo da mai sayar da dafaffiyar masara. Aka sauko aka ba kowa kwando, wai su shiga gonar wani su tsinko masa 'ya'yan itace, wai shi ne nishaɗin. Daga nan aka saka shi cikin kwalekwale mai siffar agwagwa, wanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Shi da Lawban suka yi ta zagaye a wuri ɗaya, don ƙafar Kawu ta fi ƙarfi.

Duk ya jure, yana ta "shiye-shiye", wato godiya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne masu fatsa. Manyan mutane sun jeru a bakin ruwa da sanduna masu ƙyalli. In mutum ya kama kifi sai ya ɗaga, a ɗauke shi hoto, ya cire ƙugiya ya mayar da shi ruwa.

"Hajiya, tambaye shi, kifin ba shi da lafiya ne?"

"Lahiyarshi lau. Wasa ne."

"Wasa? To Allah ya sawwaƙe. Wannan ai taɓin hankali ne da sanda."

Gaba kaɗan, a kan wata gadar katako, ya ga abin da ya fi wannan. An ɗaure fidar jarirai a bakin sanda, an cika da abincin kifi, jama'a na miƙawa ruwa, kifaye jajaye da farare suna turereniya suna tsotsa. A cikinsu akwai wani fari mai jan tabo a ka, ya kai girman ɗan yaye.

To a gidanmu akwai al'ada. In ɗan masunta ya sauka a wurin mutum, kuma akwai ruwa kusa, babban kifin farko na mai masauki ne, kuma da rai ake kai masa, don ya san ba a kasuwa aka saya ba. Kawu ya ce nan take ya ga takardarsa tana iyo.

Da aka shiga cin abincin rana, ya ce zai yi sallar azahar. Ya kuma yi ta. Yana sallamewa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya zame cikin ruwa ta ƙarƙashin gada.

"Ko gudu bai yi ba," in ji shi. "Ni da na saba da tarwaɗar Wudil mai wayon tsiya. Wannan da ya gan ni baki ya buɗe, yana jiran fida."

Ya jiƙa rigar, ya naɗe kifin a ciki, ya rungumo shi har zauren cin abinci, ruwa na ɗiga. Ya rusuna gaban Lawban ya buɗe rigar a kan tebur, tsakanin shinkafa da shayi.

"Hajiya, gaya masa babu yawa."

Habsatou ba ta fassara ba. Ta ce zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai bugun wutsiyar kifi a kan faranti. Sannan wata tsohuwa ta fito daga bayan kanta ta ƙwalla ƙara.

"Ɗan su, mi ka yi?" in ji Habsatou. "Ba ka ga hotonshi a ƙohwa ba? Da jikin tawul? Da rigar ma'aikata?"

"Na gani mana. Na ɗauka tallar abincin gidan ne."

Ashe tsohuwar, Madam Ho, ita ce mai wurin. Marigayi mijinta ne ya saki kifin da hannunsa ranar da suka buɗe ƙauyen, shekara ashirin da biyu ke nan. Yana da suna. Ana masa bikin zagayowar shekara.

Kawu ya sake rungumar kifin ya zura da gudu, tsohuwa na binsa, masu dafa abinci na binta, baƙi na biye da sandunan cin abinci a hannu. Da aka saka shi a ruwa sai ya kwanta a gefe ɗaya. Madam Ho ta zauna daɓas a ƙasa. Kawu ya shiga har ƙirji, ya tallafo cikinsa, yana kai shi gaba yana dawo da shi a hankali don ruwa ya ratsa shi, yana ta salati. Can kifin ya girgiza, ya watsa masa ruwa a ido, ya nutse.

Aka ɗauki tafi. Kawu ya waiwayo yana neman Lawban, sai ƙurar motarsa. Ya bar saƙo wurin mai gadi, kalma ɗaya: meyo. Wato babu.

Yana zaune a kan gada da jiƙaƙƙen wando, yana lissafa kwanakin da suka rage masa, jama'a suka kewaye shi. Waɗanda ba su ga kamun ba suna so a sake. Wasu sun kira 'yan'uwansu a waya. Madam Ho ta share hawaye, ta dubi taron, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ja Habsatou gefe.

"Ta ce ita ma kamfani gare ta, kuma tana da hatimi," in ji Habsatou da ta dawo, tana danne dariya. "Za ta ba ka takarda. Amma Asabar da Lahadi, ƙarhe goma da ƙarhe huɗu, za ka shiga ka kama kihi da hannu gaban mutane. Ba na mijinta ba, sauran."

"In kama in yi yaya da shi?"

"A yi hoto, ka saki."

Kawu ya dubi tafkin. Ya ce a ransa ya ga kakanninmu sun jeru a bakin kogin Wudil suna kallonsa.

"Tambaye ta, ko ɗaya a wata, in yi romo?"

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba, don da hannu ya nuna baki. Madam Ho da kanta ta ce meyo.

Ranar Talata aka buga wa takardar hatimi, sabuwar bizarsa ta fito saura kwana biyu tsohuwar ta ƙare. Lungunsa na Tianxiu bai rufe ba. Litinin zuwa Juma'a yana saro jakunkuna, a wata masana'antar daban, ƙarshen mako kuma yana tafki, sanye da rigar ceto ruwan lemo wadda dokar wurin ta tilasta masa. Wata biyar ya yi a haka.

Da ya zo gida da sallah babba ya nuna wa kakarmu Inna hotunan. Ta ɗaga ɗaya kusa da idonta, ta ga kifin da ke hannunsa, ta ce masha Allah, wa aka kai wa wannan?

Ya ce ba kowa, Inna, mayar da shi na yi.

Ta ajiye hoton, ta ce kada ya kuskura ya faɗi haka a waje, tana da jikoki mata da ba su yi aure ba.