Mbah Wartinah, Mai Sauke Masu Keke da Gaisuwa

A gaban shagon mai gyaran takalma, kafin a kai gada, akwai wani ɗan wuri a hanyar ƙafa ta gefen titi inda simintin ya yi sumul har yana sheƙi. Na daɗe ina wuce shi kafin in gane abin da ya goge shi. Tafin ƙafar masu keke ne. Nan kowa yake sauka, domin nan Mbah Wartinah (Mbah a wurinmu kaka ke nan) take tsayawa da tsintsiyarta.

Aikinta shara ne, tun ana goya ni take yin sa. Da an sallame sallar asuba za ta fito da doguwar tsintsiyar kwakwa, ta fara daga bakin kasuwa tana kaɗe ganye da ɓawon ayaba. Ba wanda ya ɗora mata kula da masu keke. Sai dai titin garinmu na Muntilan hanyar tifofin yashi ne masu gangarowa daga dutse, kuma duk wanda tifa ta taɓa hura wa iska a kunne ba sai an ce masa ya hau hanyar ƙafa ba. 'Yan makaranta su hau, masu kayan miya su hau, ni ma in hau. Ita kuma hanyar, nan tsofaffi suke fitowa sayen kunun shinkafa, nan Pak (wato Malam) Ngadiman, makaho mai tausa, yake bi da sandarsa.

Mbah ba ta da usur, ba ta da ikon kama kowa. Gaisuwa kawai take yi. Mu kuwa a al'adarmu yaro ba ya amsa gaisuwar babba daga kan keke. Dole ka sauka, ka rusuna, ka kai hannunta goshinka. Da ka sauka shi ke nan. Tana shara tana tafiya tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har kaji, kai kuma kana tura keke a gefenta, ku wuce mai kunu, ku wuce ƙofar Pak Ngadiman. Sai a gindin gada, inda titin ya buɗe, take sallamar mutum.

Ni tambayar da take yi mini ba ta canzawa: "Jikata, wannan digirin da kika daɗe kina yi, bai zo da miji a ciki ba?" Kullum tayar gaba nake kallo har mu kai gada.

Wani saurayi, Mas Yudho, shi ne ya fi wahalar da ita. Ya sayi keken tsere da matsattsun kaya masu sheƙi, ya toshe kunnuwa da waƙa, ya riƙa wuce ta kamar bai ji ba. Mbah ba ta yi fushi ba. Ta je ta yi wa kakarsa jaje cewa yaron ya kurumce, kakar kuwa ta bi shi har wurin aiki da kwalbar man kunne. Washegari ya sauka. Mbah ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, wa ya sace maka wando ya bar ka da na ciki? Gaya mini, na san ɓarayin kasuwar nan duka."

Haushi ya sa ya koma bin tsakiyar titi. Ranar ce kaɗai na taɓa jin ta ɗaga murya: "Hawo nan! Tifa ba ta san kakarka ba."

Mbah, ke ce birkin da ba ya ƙara. Wasu sun ce keke ya bar hanyar ƙafa, wasu sun ce masu ƙafa su matsa. Ke kika ce kowa ya hawo, amma da ƙafarsa.

Da gwiwa ta tilasta mata ajiye aiki, mai unguwa Pak Darsono, tsohon hedimasta, ya tara mu a barandarsa. Ya ce in babu Mbah ba mai sauka, wata rana za a kwashe Pak Ngadiman da sandarsa, don haka zai kafa turakun ƙarfe a bakin hanyar ta kowane gefe, keke ba zai ƙara shiga ba. Kowa ya san ma'anar wannan: yaranmu za su koma cikin tifofi. Iyaye suka yi ta gunaguni. Pak Ngadiman ya ce shi ba ya son a buge shi, amma ba ya son a kawo masa yaron da tifa ta buge, tausa ba ta gyara wannan.

Mbah ta bari kowa ya gama, sannan ta rusuna. "Pak, mutum irinka ba ya yanke hukunci da ji. Ka zo ka gani da idonka. Zan ajiye maka kujera."

Ya yarda, da sharaɗin ko mutum ɗaya ya wuce a kan keke, turaku sun tabbata.

Ranar Litinin ya tarar da kujera daidai kan simintin nan mai sheƙi, ga shayi a gefe. Ya zauna ya harɗe hannu. Yarinya ta farko ta ɗago kai ta ga hedimastan da ya koyar da ubanta. Ta dira, ta kai hannunsa goshi. Na bayanta ma haka, har da mai kabeji da ni. Can sai ga Mas Yudho a guje. Muka ji ƙarar birki, ya sauka, ya tambayi lafiyar uwargida da ta tsuntsayen da Pak yake kiwo. Pak Darsono ya manta abin da ya kawo shi.

"Har yanzu ba a kama ɓarawon wandon ba?" ya tambayi Mas Yudho.

Sai da rana ta ɗaga, hannunsa ya jiƙe da gumin goshin mutane, sannan na ga ya dubi kujerar, ya dubi inda aka ajiye ta, ya gane. Daga baya ya sanar cewa lamarin yana buƙatar ƙarin bincike. Damina ta wuce yana binciken. Yanzu ya ƙara wa kujerar laima, ba wanda ya sake jin zancen turaku.

Mbah Wartinah, mun gode. Allah Ya ba gwiwarki sauƙi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu titi irin namu, kafin ku kira mai walda, ku duba ko akwai tsoho ko tsohuwa mai son hira a unguwarku, ku ba shi kujera.

A waccan Litinin ɗin, ina tura kekena, na hango Mbah a tsallaken titi cikin zanin gida, da kwandon cefane a hannu. Ta tsaya har Pak Ngadiman ya ratsa tsakanin masu keke lafiya ya shiga ƙofarsa. Sai ta gyara riƙon kwandon, ta juya ta shige kasuwa.