Kwana Tara Ban Sha Maganin Jini Ba

Cikina na biyu, wanda ya zo bayan ɓarin da na yi, a cikin jiri na raine shi. Damina ce a Kebbe. Idan na zauna a ƙofar gida sai in ga gonar gero tana tashi a hankali tana lilo, muryoyin mata masu daka kamar daga ƙasan rijiya suke fitowa. Gaskiya daɗin abin nake ji. Ga kwaɗayin ƙasa: da an yi yayyafi sai in ɓantari katanga in tsotsa, har surukata ta ce in aka ƙyale ni zan cinye mata ɗaki.

A asibitin Tambuwal malamar awo ta ja fatar idona, ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ba ni jajayen ƙwayoyi. Ƙwayoyin nan ba su da mutunci. Bakina ya koma kamar na lashi fartanya, zuciyata tana tashi, bayan gida kuwa sai an yi kokawa. Ranar da ya fito, baƙi ƙirin. Na gaya wa surukata.

Ta ce, "Ɗiyata, aje maganin ga. In ya ƙone tuwo haka, mi za shi yi ma ɗan?"

Tsoro ya kama ni, don na san zafin rashi. Na cusa ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Kwana tara ina yawo cikin jirina, sai da na faɗi a gindin randa maigida ya ɗora ni a babur.

A asibiti na gaya wa malamar abin da ya sa na daina sha, ta riƙe haɓa. "Baƙin ga ai ƙarhen magani na, ba ƙuna ba! Ki sha bayan abinci, ban da shayi, ki yawaita ruwa da ganye. Jinin da za ki zubar ran haihuwa, yanzu aka tara shi."

Na ce a raina, da kin faɗa tun farko bakinki zai zube? Amma na koma sha, ina yamutsa fuska. Sannu a hankali gona ta tsaya wuri ɗaya, katanga ma ta huta.

Ranar haihuwa na zubar da jini har ungozoma ta fara salati. Ina jin salatinta, ina jin kukan jaririyar. Da aka miƙo mini ita, hannuwana suka ɗagu na karɓe ta da kaina.