Ja Ba Ya Jure Gishiri

Shekara arba'in da ɗaya Fusae ta yi tana soya ganye a hanyar da ke hawa zuwa magangarar ruwan Minoo. Rumfarta na jikin tawa, ni dankali nake gasawa. Ganyen wani itace mai suna momiji take tsomawa a ƙullun fulawa da sukari da riɗi, ɗaya bayan ɗaya, masu zuwa kallon launin ganyayen kaka su saya suna ƙarmusa. Ba ta da fara'a, ba ta da faɗa. Duk surutun gidan mijinta Tokuji ya kwashe.

Shi ke hawa dutse tsinko ganyen. Rawaya kaɗai yake ɗauka, a jera a ganga da gishiri, sai shekara ta zagayo a buɗe. Wanda duk ya tambaye shi dalilin ƙin ja, ya jawo wa kansa karatu. Cewa yake rawaya tun ganye na jariri take cikinsa, kore ne ya lulluɓe ta. In rana ta gajarta itace ya janye korensa, sai ta fito. Ja kuwa kwalliyar ƙarshe ce, itace ke haɗa shi da sukarin da sanyi ya tsare a ganye. Gishiri na taɓa shi asirinsa ya tonu, ya koma baƙi.

Bara, ana tsakar tsinka, Tokuji ya faɗi a dutse bai tashi ba. Kwana tara bayan nan Fusae ta ɗauki kwandonsa ta hau da kanta. 'Yarsu Michiyo ta ce in gangar ba ta yi kyau ba, uwar ta rufe rumfa ta koma wurinta a Osaka, a bene hawa na tara. Fusae ta ce to. Na san ba ta so, don ba ta taɓa kwana inda ba a jin ƙarar ruwan nan ba.

Da shekara ta zagayo, ranar Talata na ɗaga mata dutsen da ke danne murfin gangar. Ganyen baƙi ƙirin, har ƙasa. Na fara kame-kame, wai ko gishirin bara ne.

“Ba gishiri ba ne, Haruo-san,” in ji ta. “Ja na tsinko.”

“Idon ne ya fara gardama?”

“Ina gani sarai. A gindin jan itacen aka same shi. Nan na zauna, hannuna ya yi ta tsinka.”

Na lalubi tausayi a raina ban samu ba. Ita ma ko ƙwalla. Ta kunna wuta, ta tsoma ganye ɗaya a ƙullu, ta soya, ta ɗora a takarda kan kujerar Tokuji. Sannan ta kashe wutar, ta tambaye ni ko ina da inda zan ajiye kaskon.