Tikitin da na tarar a gwangwanin yayata

Shekarun baya can, lokacin ina koyon gyaran mota a unguwar Alajo, aka sanar cewa wata ƙungiyar mawaƙan hailaif, kiɗan rawar da ake yayi a lokacin, za ta yi wasa ranar Asabar. Mai buga musu ganga ɗan Maamobi ne, maƙwabciyar unguwarmu Nima, don haka mu samarin Nima muka ɗauki wasan tamkar namu. Ranar da aka fara sayar da tikiti, kafin hantsi an ce ya ƙare. Da la'asar sai ga shi a tashar mota ana sayarwa ninki uku. Zamanin kalabule ne, wato a ɓoye kaya a tsauwala kuɗi, tun daga sabulu har sukari.

Ni kuwa a lokacin akwai ni da baki. Na tara abokai muka yi alkawarin ba mai saye a hannun 'yan kalabule, sannan muka tafi unguwar Kokomlemle inda mawaƙan ke gwajin wasa. Shugabansu ya saurare mu yana goge ƙahon busarsa, ya ce, "Ƙarin nan ba aljihunmu yake shiga ba. Za mu ƙara wasa ranar Lahadi da rana. A ƙofa za a sayar, kuma ba mai sayen fiye da biyu."

Na dawo gida ina taku kamar wanda ya ci zaɓe. Sai na tarar da yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, zaune da gwangwanin madara a cinya, cike da tikiti. Atamfa take sayarwa, kasuwa ta tsaya, wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta zuba jarinta a nan.

Ta ce, "An ce wani ɗan Nima ne ya je wajen mawaƙan. Kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

"To. Abincinka na cikin kwano."

Ban iya ci ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wani abokina ya fara rubuta sunayen masu sayarwa zai kai wa sojojin da ke mulki, kuma kowa ya san irin dukan da ake yi wa mata 'yan kasuwa a bainar jama'a a lokacin. Washegari na same shi a gareji na faɗa masa gaskiya, cewa yayata ma tana sayarwa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Da babu yayarka a ciki fa?" Sannan ya yaga takardar.

Ranar Asabar na karɓi gwangwanin, na tsaya a ƙofar wurin wasan ina sayarwa a kan kuɗin da aka buga a jikin tikitin. Waɗanda na yi wa huɗuba suka riƙa wucewa suna cewa, "Shugaba, har da kai?" Wasu sun saya don tausayi, amma yawanci sun ce sai Lahadi. Kusan rabi ya rage a hannuna. Sai da yayata ta shekara kafin jarinta ya farfaɗo, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Wasan kuwa ban shiga ba, Asabar ko Lahadi.

Har yau ina ganin shugaban mawaƙan ya yi daidai, don ya karya farashin ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba. Kaina ne ban gama wankewa ba. Sauran matan da ke cikin takardar nan ban san ko ɗaya ba, kuma da ba don yayata ba, da ni zan raka abokina ya kai ta.